Ranar da Gwaggo Ta Saki Reza

Ba a ganin shigowarta, domin ba ta ƙofar da jama'a ke bi take shiga ba. Ta baya take zagayowa, ta wuce ɗakin wanki, ta gaida masu shara ɗaya bayan ɗaya har da tambayar yaransu, sannan ta gangara matakalar da ke kai mutum can ƙasan asibiti, inda ba mai zuwa sai wanda ya ɓata hanya. Nan ɗakinta yake. Taga ɗaya gare shi, ita ma can sama, ba abin da ake hangowa ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa. Warin magani kuwa, baƙo in ya shiga sai idonsa ya kawo ruwa. Ita ta ce ta daina jinsa tun kafin ta yaye autanta.

Tana shiga za ta kunna tukunyar kaki. Ta zuba ruwa a wani faffaɗan kwano mai ɗumama kansa, ta sa bayan yatsa ta ji. Ta fito da ƙanƙara daga firij, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta zura farar riga, ta ja kujera gaban injin yanka, ta yi bisimilla. Haka jiya, haka shekaranjiya, haka fiye da shekara talatin.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma na san halinmu. Za a jera kujeru, a yi dogon jawabi a kan ci gaban asibiti, a miƙa mata agogon bango, kowa ya kama gabansa. Shi ya sa ya kamata a faɗi ko wace ce ita tun tana ji da kunnenta. Yabon da muke ɓoyewa sai mutum ya rufe ido ba don shi muke yi ba, kunyarmu muke wankewa.

Gwaggo kowa ke ce mata, daga mai gadi har babban likita. Mutum ɗaya ne ya ƙi, wato maigidanta, tsohon direban motar haya da gwiwa ta zaunar a gida. Shi Mahauciya yake kiranta.

"Mahauciya, yau ma hannu biyu kika dawo? Ina tsokar?"

"Wadda na yanka yau ko tururuwa ba za ta ƙoshi da ita ba."

"Ni dai na ga ta kaina. Na auri mahauciya, ko ƙashin miya ban taɓa gani ba."

Bai yi ƙarya ba, nama take yankawa. Sai dai naman mutane ne masu rai, waɗanda ke zaune a benci can sama suna jiran a gaya musu abin da ke cinsu. Likita zai tsinko ɗan ƙanƙani daga inda ke ciwo, a jefa a kwalba, a aiko ƙasa. Ita za ta tsane shi, ta binne shi a narkakken kaki, kakin ya daskare ya zama kamar ƙwayar sukari mai iyali. Ta ɗora a ƙanƙara ya yi sanyi, ta maƙala shi a bakin inji. Injin yana da hannu kamar na keken ɗinki, kowane juyi reza ta shafto yanka ɗaya wanda ɓawon albasa ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. Kafin ta juya sai ta matso da baki ta huro masa numfashi a hankali, haa, kamar mai lallashin jariri, don kada ya nannaɗe. Yanka ya kama jelar yanka har su yi ɗan siririn ƙyalle. Ta ɗauke shi da buroshi da hantsaki, ta shimfiɗa a kan ruwan ɗumi ya miƙe, ta kwaso da gilashi, a rina shi shuɗi da ruwan hoda. Daga nan sai sama, wurin likitar da ke dubawa a madubin nan mai mayar da ƙwayar ƙura dutse. Abin da likitar ta gani shi za a gaya wa mai ciwo. Abin da Gwaggo ba ta ɗora a gilashi ba kuwa, ba idon da zai gan shi.

A cikin duk naman da ke saukowa, na gaɓa ne ya fi ƙanƙanta, shi ne kuma ta fi ji da shi.

Akwai wani ciwon gaɓoɓi da ba na tsufa ba ne, ba kuma na sanyi ba, ko da yake haka muke kiransa don mu huta da tunani. Allah ya sa wa jikin ɗan Adam masu gadi a cikin jini, su ne ake ce wa garkuwar jiki, aikinsu su tare cuta in ta shigo. To a jikin wasu bayin Allah sai masu gadin nan su rikice, su juya wa gidan da aka ba su tsaro. Kowace gaɓa tana da wani ɗan tantani mai santsi da ya lulluɓe ta ta ciki, shi ke ba ta maiƙon motsi. Nan suke sauka. Da fari zuwa suke yi su koma. In abin ya daɗe sai su share wuri su zauna, su taru gungu-gungu, su yi ta kiran 'yan'uwa. Tantanin ya yi kauri, ya yi tsiro, sababbin hanyoyin jini su ɓullo suna ciyar da baƙin, daga nan ya shiga cin guringuntsi, ya gangara kan ƙashi. Mai ciwo bai san ana wannan ba. Abin da ya sani kawai, ya tashi da safe hannu ya ƙi dunƙulewa, maɓallin riga ya gagare shi, murfin kwalba ya zama abokin gaba. A gilashin Gwaggo kuwa ga su nan ƙuru-ƙuru, ɗige-ɗige shuɗɗa sun cika wurin da ya kamata a ga fili.

Ba ta taɓa kiran nama da lamba ba. "Miƙo mini baiwar Allah nan," haka take cewa, ko "Tsohon nan ya yi sanyi kuwa?" Ran da wuta ta ɗauke, injin wutar asibiti ma ya ƙi tashi, masu shara sun ga yadda ta aika aka sayo ƙanƙara a bakin titi, ta zauna gindin taga ta yi yankan ranar da ɗan hasken da ke shigowa, wai akwai mai jiran sakamako kafin a shiga da shi tiyata. Wani sabon ma'aikaci da ya taɓa ajiye kofin shayinsa kusa da kwalaben, har ya bar asibitin bai manta kallon da ta yi masa ba.

Amma wanda ya fi kowa ɗanɗana tsananinta shi ne Dogo, abokin aikinta a ɗakin. Yau furfura ta fara fito masa a gemu, babbar 'yarsa ma ta kusa gama sakandare, amma da ƙuruciyarsa ya zo hannunta. A shekarunsa na farko aka dawo da kakin wani dattijo mai kumburin gwiwa, aka ce a ƙara yankowa. Ƙa'ida ce, kafin ka maƙala kaki sai ka ja bakin inji baya, sannan ka matso da shi sannu-sannu har ya sumbaci reza. Dogo yana sauri, ya manta. Juyi ɗaya, ƙwas! Reza ta ɓantare kakin da naman gaba ɗaya.

Gwaggo ba ta ɗaga murya ba. Ran da aka sake kiran dattijon, ta kama hannun rigar Dogo ta hau da shi sama, ta tsayar da shi a bakin gado. Yana kallo aka sake soka allurar tsinko nama a gwiwar tsohon, tsohon ya damƙi ƙarfen gado yana salati.

"Kada ka kau da kai," ta ce masa ƙasa-ƙasa. "Abin da ka zubar ke nan."

Tun daga ranar bai sake wannan kuskuren ba. Hannunsa ya faɗa, ya zama gwani, kowa ya shaida, ita ma ta sani. Ta sakar masa komai, hanta, hanji, ƙarin mama, duk. Ban da na gaɓa. Da zarar kwalbar gaɓa ta sauko sai ta janye ta gefenta, shi kuma ya yi kamar bai gani ba. Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Da baki ta yafe masa tuntuni, hannunta ne bai yafe ba.

Sai abin ya zo mata gida.

Da zobe ya fara. Wata safiya ya ƙi fita, sai da maigidan ya sa sabulu. Daga nan yatsu suka riƙa kwana a sandare. Kullum da asuba tsohon direba zai ɗingisa ya ɗora ruwa, ya kawo a roba, ya zauna gabanta ya tsoma hannayenta, yana buɗe yatsun ɗaya-ɗaya kamar mai ɓare lemo. Shi ke ɗaura mata ɗankwali, kullum a karkace. Shi ke ɓalla mata maɓallin hannun riga.

"Mahauciya, a asibiti kike wuni. Likitan ƙashi yana bisa kanki, kina jin takunsa. Me zai hana ki leƙa?"

"Sanyi ne, Malam."

"Sanyi? A zafin nan da kaza ke buɗe baki? Ni na yi tuƙi, na san mota in ta fara ƙara ba a ƙara mata rediyo."

Ta dubi ruwan. Can ta ce, "Kai ba ka taɓa ganin cikin gaɓa ba. Ni na gani."

Ya ɗauko tawul ya goge mata hannu.

Abin da ke cinta ke nan. Wani mai ciwon yana tsoron abin da bai sani ba, ita kuwa abin da ta sani take tsoro. In ta dubi gindin babban yatsanta, ba kumburi take gani ba, ɗige-ɗigen nan shuɗɗa take gani suna share wuri. Ta kuma san ran da ta nuna hannun nan, ranar za a ɗaga ta daga kan reza a ba ta tebur da biro. Sai ta ƙara sammako, don yatsu su saki kafin Dogo ya iso. Ta riƙa kara hannu jikin tukunyar kaki tana ɗumamawa. Safar hannu kuwa ta daina cirewa, ko shayi za ta sha.

A nan ba zan shafa miki mai a baki ba, Gwaggo. Kin yi kuskure. Ke da kika fi kowa sanin cewa ciwon nan da wuri ake tarar gabansa, ke kika ba shi watanni yana gini a hannunki. Kuma ba hannunki kaɗai kika sa a caca ba, har da naman mutane. Na faɗa ne don kada mai karatu ya ɗauka waliyyiya nake yabo. Mutum nake yabo, mai tsoro irin namu.

Ana nan, wata rana likitan gaɓoɓi ya sauko da ƙafarsa, abin da bai saba ba, kwalba a hannu. Ya ɗaga ta saitin taga. Abin da ke yawo a ciki bai kai ƙwayar shinkafa ba.

"Gwaggo, wannan amana na kawo. Wata mai kitso ce, da hannun take ci da 'ya'yanta. Wuyan hannunta na dama ya daɗe a kumbure, gwajin jini ya ƙi raba mana gardama. Ko dai garkuwar jikinta ce ta juya mata, ko kuwa ƙwayar tarin fuka ce ta sauka a gaɓar, don tana yin haka. In na farko ne, maganin da zan ba ta kwantar da masu gadi yake yi. In kuwa na biyun ne na ba ta shi, na buɗe wa ɓarawo ƙofa ke nan."

"Ɗan wannan kaɗai ka samo?"

"Shi ma da kyar. Ta suma mana a kan gado. Da ta farfaɗo ta rantse ko hannun zai guntule ba za ta sake kwanciya a yi mata ba. Na kuma ga idonta, ba wasa take ba."

Gwaggo ta karɓa da hannu biyu. Ita ta tsane shi, ita ta binne shi a kaki.

Washegari aka tashi da ruwan sama, irin safiyar da yatsunta suka fi tsana. Ruwan ɗumin maigida bai yi aiki ba, tukunyar kaki ma ba ta yi ba. Duk da haka ta zauna. Ta ja bakin inji baya, ta maƙala kakin, ta shiga matso da shi tana share farin kakin da ke sama don ta iso ga naman. Aiki ne na ɗan yatsa, kaɗan-kaɗan. Tana cikin murzawa sai wani zafi ya soke ta a gindin babban yatsa kamar an caka ƙusa. Hannun ya zabura. Reza ta sauka.

Ba ƙara aka ji ba, ɗan ƙus ne kawai. Wani ɓawon kaki mai kauri ya faɗo ya dagargaje. Ta ciro kakin ta kai shi saitin haske. Fiye da rabin naman ya tafi. Abin da ya rage kamar bakin allura.

Ta waiga. Dogo ya ba ta baya, yana wurin famfo yana rini, yana ɗan waƙe-waƙensa ta hanci. Ba wanda ya gani.

Masu wannan sana'a suna da wata kalma da ke fitar da su kowace kunya: nama bai isa ba. Sau da yawa gaskiya ce, shi ya sa ba a tuhumarta. Likitan da kansa ya ce ɗan kaɗan ya samo. Da ta aika da wannan amsar sama, ba mai ɗaga gira. Laifin zai bi iska, mai kitso ta ƙi dawowa, likita ya yi ta lalube a duhu, Gwaggo kuma ta ci gaba da zama Gwaggo. Akwai kuma hanya ta biyu, ta mayar da kakin ta sake gwadawa, ko Allah zai sa hannun ya yi biyayya. Har ta mayar. Har ta ɗora tafinta a hannun injin. Ta ji tafin yana rawa, ba rawar tsoro ba, rawar abin da ya daina jin magana.

Sannan ta cire kakin, ta kifa shi a kan ƙanƙara, ta tura kujera baya ta miƙe.

"Dogo."

"Na'am, Gwaggo."

"Wanke hannu ka zo ka zauna."

Ya zo yana goge hannu a riga, ya leƙa. Ya dube ta, ya sake leƙawa.

"Gwaggo, na gaɓa ne fa."

"Na iya karatu. Cire mini safar nan tukuna."

Ta miƙa masa hannayen. Ya ja safar a hankali, tana cije leɓe. Da suka fito ya ga gaɓoɓin sun yi suntum, suna sheƙi, yatsu biyu sun fara kallon gefe. Dogon mutum sai ga shi ya rasa inda zai sa idonsa.

"Innalillahi. Tun yaushe, Gwaggo?"

"Ba hira na kira ka ba. Na cinye rabin baiwar Allah nan. Ni na cinye, ba allura ba, ba inji ba. Abin da ya saura ba zai ɗauki kuskure na biyu ba, hannuna kuwa ya daina jin magana. Zauna."

Bai zauna ba. "In na ɓata fa?"

"In ka ɓata, tare za mu hau sama mu tsaya. Ni a gaba."

Ya zauna. Kujerar ta yi masa gajarta, gwiwoyinsa suka tokari tebur, bai ko gyara ba. Ya kama ja da bakin inji baya. Ya ja, ya ja, ya duba, ya ƙara ja.

"Ya isa haka, za ka fitar da shi ta bango."

Ya sa sabuwar reza. Ya ɗauko kakin, ya maƙala, ya shiga matso da shi. Gumi ya tsattsafo masa a goshi duk da sanyin ruwan sama.

"Kada ka ɗiga wa baiwar Allah gumi, ba gishiri ta ce tana so ba."

Daga wannan ba ta ƙara cewa uffan ba, kuma Dogo ya ce a duk abin da ya faru ranar, shirun nan ne ya fi ba shi mamaki. Yana jin numfashinta a bayan wuyansa. Ya san bakinta cike yake da "sannu-sannu" da "karkato hagu", amma ta haɗiye su. Ta mayar da hannayenta baya ta riƙe ɗaya da ɗaya, kamar mai tsoron kada su kubce su kai cafka.

Ya matso da baki ya hura, haa. Ya juya. Fari. Ya sake juyawa. Fari. Sai ga wani ɗan ɗigo a tsakiyar yankan, kamar kashin ƙuda. Wani ya biyo shi, wani ya kama jelarsa. 'Yan kaɗan ne, daga nan kakin ya koma fari fat, nama ya ƙare. Ɗan ƙyallen yana lilo a bakin reza, numfashi mai ƙarfi ma ya isa ya tafi da shi.

"Gwaggo, ki ɗauka," ya ce da raɗa.

"Wanda ya yanka shi ke ɗauka."

Ya ɗauka. Ya shimfiɗa a ruwan ɗumi, ya miƙe sumul, ba ninki ba tsaga. Ya raba a gilasai, wani don rinin yau da kullum, wani don rinin da ke tona ƙwayar tarin fuka. Da suka bushe ta ɗora ɗaya a ƙaramin madubin ɗakin, kamar yadda ta saba duba kyan aiki kafin ya hau sama. Ta daɗe a duƙe fiye da kullum. Ba aikinta ba ne ta faɗi abin da ke ciki, ba ta kuma faɗa ba. Da ta ɗago, cewa kawai ta yi, "Yanka ya yi kyau." Dogo ya juya wurin famfo ya buɗe ruwa da ƙarfi, ya daɗe yana wanke hannun da ba abin da ya taɓa.

Ita ta hau da gilasan da kanta, ba safa. Ta ajiye su gaban likitar madubi ta ce, "Naman ya isa, ni na rage shi. Wannan yankan Dogo ne, daga yau kuma na gaɓa nasa ne." Sannan ta shimfiɗa hannayenta a kan tebur. Likitar, wadda Gwaggo ta girme wa nesa, ta kama su ta riƙe, ba abin da take cewa sai "Haba Gwaggo. Haba Gwaggo." Ba ta bar ta ta koma ƙasa ba sai da ta raka ta ɗakin likitan gaɓoɓi.

Ba a ga alamar tarin fuka a naman mai kitso ba, sauran gwaje-gwajen ma suka goyi bayan haka. Masu gadin ne suka yi sansani. Aka ɗora ta a magani da zuciya ɗaya.

Ke ce kika tashi daga kujerar da ba wanda ya ce ki tashi, Gwaggo. Ke ce kika ga ƙofar ƙarya a buɗe, ba mai gadi, kika ja ta kika rufe. Shekara talatin na gwaninta ba su kai nauyin wannan tashin ba, don gwaninta baiwa ce, tashi kuwa sai an yanka wani abu a zuci. Uwar ɗakin ƙasa, ba ki sake taɓa reza ba tun ranar, amma ba ki nannaɗe hannu ba. Kin koma gefen kujera kina koyarwa, kuma an ce har kin koyi cewa "madalla".

Bayan wasu watanni tana zaune a bencin masu jiran likita, kati a hannu kamar kowa, sai wata mata mai fara'a ta matsa mata wuri. Matar ta dubi yatsun Gwaggo ta kama haɓa.

"Wayyo Mama, ke ma? Ai kin yi sakaci, kin bari har sun karkace. Dubi nawa." Ta juya wuyan hannunta na dama, ga ɗan tabon allura. "Da kamar tulu yake. Yanzu har na koma kitso, kai ɗaya, in na ji ƙarfi biyu. Me ya hana ki zuwa da wuri? Gidanku da nisa ne?"

Gwaggo ta dubi tabon. Ta ce, "Da nisa, 'yata."

"Allah sarki. To wa ke miki kitso da wannan hannun? Kada ki ce mini ba kowa, ga shi nan ina hango tsefe ta ƙasan ɗankwali. Wa ma ya ɗaura miki shi haka kamar an yi faɗa?"

"Maigidana."

"Ai na ga alama. Ki zo gida in gyara miki, don Allah. Bayan tashar mota nake, kowa ya san ni."

Ta je. Tsohon direba ya raka ta, ya zauna a waje yana ba yaran matar labarin hanya. Gwaggo ta zauna a tabarma, ta jingina da gwiwoyin mai kitso, ta ba da kai. Tana jin yatsun nan suna tafiya a gashinta, a hankali, suna tsayawa su huta, su ci gaba. Aka yi rabin kai. Can ta yi gyaran murya.

"'Yata, naman da aka tsinka a hannunki, wurina aka kawo shi. A ƙasan asibitin nake aiki. Na ɓoye ciwona, hannuna ya kubce, na kusa zubar miki da shi duka."

Yatsun suka tsaya cak. Gwaggo ba ta ɗago ba, tana jiran abin da zai biyo baya.

"Kusa kika ce, Mama?"

"Kusa."

"To duƙar da kai, kina karkata mini tsaga."

Yanzu ku da kuke karantawa, ku dubi hannayenku. Akwai direban da idonsa ya dushe yana nan riƙe da sitiyari da ran mutane a bayansa. Akwai malamin da ya daina shiri yana cin tsohon suna, da shugaban da kowa ya san ya gaji ban da shi. Kusa da kowannensu akwai wani da ya iya, yana tsaye shekara da shekaru, an hana shi zama saboda laifin da ya yi tun gemunsa bai fito ba. Ba tsufa ne abin kunya ba, ba ciwo ba. Abin kunya shi ne ka san hannunka ya daina, ka bar wani ya biya. Mai jin yatsunsa na kwana a sandare kuma, ya je a duba tun yau, kada ya tsaya kiransa sanyi.

Mun gode, Gwaggo. Mun gode a madadin dubban da kika riƙe da hantsaki ba su san fuskarki ba, da waɗanda za a yanka musu da kyau gobe saboda kin matsa gefe. Allah ya kwantar miki da masu gadin nan, ya bar miki tsohonki, ya sa hutun ya karɓe ki. Ki je ki zauna. Kin riƙe da kyau, kin kuma saki da kyau.